Wankan Sule

Babana ya bar mini gwangwanin biskit,
ba gida, ba gona, ba ko keken hawa.
Na girgiza shi, ya amsa da muryar ƙarfe:
sulalla ɗari da 'yan kai, baƙaƙe wuluk,
wasu kore-kore kamar gansakukar bakin kogin Douro.

Ni mai gasa burodi ne, ba na shiri da datti.
Daren Lahadi na yanka lemun tsami,
na barbaɗa gishiri, na ɗauko soson ƙarfe,
na zaɓi babbansu, mai kan sarki da saje,
na dirje shi har ya yi ja kamar garwashin tanda.
Na kwana ina yaba wa kaina.

Da safe ana yayyafi a Porto,
na hau tudu zuwa shagon Dona Ermelinda,
tsohuwa mai tabarau biyu, ɗaya a hanci, ɗaya a wuya.
Ta karɓe shi ta gefe, da yatsu biyu,
kamar mai ɗaukar ƙwan tantabara.
Ta duba, ta yi shiru, ta sake dubawa.

"Anselmo, wa ya yi wannan aika-aika?"
Na ce ni ne, wanka na yi masa.
Ta ce, "Fiɗa dai ka yi masa.
Garin neman gira ka rasa ido.
Baƙin nan da ka kankare,
shekara ɗari ya yi yana saƙa shi,
shi ne rigarsa, shi ne shaidarsa.
Jiya zai biya maka hayar wata uku,
yau ko kofi biyu sai an yi ciniki.

Zauna. Tunda ka shigo, ka fita da guzuri.
Kada ka taɓa fuskar sule,
gumin yatsa yana cin tagulla kamar gara.
Kada ka bar su suna gogayya a gwangwani
kamar fasinjojin jirgin safe;
kowa da ɗakinsa, a bushe, nesa da raɓar kogi.
In ƙasa ta manne, jiƙa shi a tataccen ruwa,
iska ta busar, kai kuma hannu a aljihu.
Kuɗinka na farko mai littattafai za ka ba.
Ka zaɓi hanya guda:
sarki ɗaya, ko masu hoton jirgin ruwa,
taura biyu ba ta taunuwa."

Na tambaye ta batun masu tantancewa,
waɗanda ake aika wa kaya ƙetaren teku.
Ta ce, "Suna nan. Su auna, su haska fitila,
su ba shi maki, daga ɗaya zuwa saba'in,
su kulle shi a ɗan akwatin roba da lamba.
Suna raba na gaske da jabu, wannan ba musu.
Sai dai ladan aikinsu ya fi rabin gwangwaninka tsada,
ba a ɗinka wa kwabo rigar fam.
Naka kuwa, maki ba zai gani ba,
'an wanke' za su rubuta,
kalma biyu, su bi shi har gidan jikokinka."

Sai ta zuba ragowar a kan ƙyalle mai laushi,
tana juya su ɗaya-ɗaya, ruwa na dukan taga.
Ta tsaya a kan wani ƙarami, mara daraja,
ta miƙo mini madubinta.
"Ga wanda ya riga ka karya doka."

Na sunkuya.
A kan tagullar, zanen babban yatsa,
layi-layi, gumi ya dasa shi tun tuni,
har da tabon da ƙugiyar kifi ta yanka.
Na san yatsan nan.
Shi ke share mini hawaye a bakin tashar jirgi.

Ta ce, "A kasuwa wannan aibi ne."
Na ce na ji.
Na naɗe shi a takarda, na riƙe ta gefe,
na gangara gida a hankali,
burodin rana bai samu fita ba ran nan.